Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Katakon Wuyan Tsohuwar Jita

A cikin dukan sassan jita babu wanda hannun makaɗi ya fi taɓawa, kuma babu wanda idon ɗan kallo ya fi rainawa, kamar ɗan siririn allon nan da ake mannawa a bisa wuyanta, inda ake jera ƙananan karan ƙarfe, yatsu suna danna tsirkiya a tsakaninsu. Tsawonsa kimanin kamu guda ne, watau inci 18, faɗinsa bai fi yatsu uku ba, kaurinsa kuwa rubu'in inci ne kawai. Amma a kasuwar tsofaffin jita ta Turai da Amurka, wannan ɗan allo ya isa ya ɗaga kuɗin kaya ko ya karya shi. Ya kuma isa ya sa ma'aikatan kwastan su tare makaɗi a filin jirgin sama, su raba shi da abin kiɗan da ya gada wurin mahaifinsa. Dalilin haka kuwa bai wuce irin itacen da aka sassaƙa allon da shi ba.

Jitar da ake magana a kanta a nan ita ce mai akwatin katako, wadda ba ta bukatar lantarki kafin ta yi amo. Allon yatsun irin wannan jita yana shan wahalar da sauran jikinta ba ya sha, domin kullum tsirkiyar ƙarfe na gugarsa, farce na ƙwarzanarsa, gumi na jiƙa shi. Saboda haka masassaƙa suka daɗe da zaɓen itace mai tauri da nauyi domin wannan wuri. Galibi kuma ba a shafa masa fenti mai ƙyalli kamar yadda ake shafa wa akwatin, ɗan mai kawai ake goga masa. Wannan ya sa shi ne wurin da katako yake tsirara, inda mai ido zai iya karanta shi.

Itatuwa biyu ne suka yi fice a wannan aiki. Na farko shi ne eboni, baƙin itacen nan mai nauyi wanda yake dangi ɗaya da kanya, sai dai shi a kurmi yake fitowa, a ƙasashe irin su Kamaru da Gabon da Madagaska da tsibirin Siri Lanka. Na biyu shi ne wanda Turawa ke kira roswud, watau itacen wardi, saboda in an yanka shi yakan ba da ƙanshi mai kama da na furen wardi. Shi ma iri-iri ne, amma biyu ne suka shafi tsofaffin jita: na ƙasar Brazil, wanda ke fitowa a kurmin gaɓar tekun Atalantika wajen jihohin Bahia da Minas Gerais, da kuma na ƙasar Indiya. Wanda bai saba ba zai ga su biyun kamar Hasan da Husaini, alhali kuwa a gaban doka da gaban ɗan kasuwa tsakaninsu akwai tafiya mai nisa.

ASALIN RUƊANIN

Kamfanin Martin, wanda wani Bajamushe mai suna Christian Frederick Martin ya kafa a birnin New York a 1833, sa'an nan ya mayar da shi garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839, shi ne ya zama ma'aunin jitar Amurka. Samfurinsa mai lamba D-28 da eboni ake yi masa allon yatsu, bayansa da gefensa kuwa wardin Brazil ne har zuwa 1969. Ƙanensa D-18 ya fara da eboni a shekarun 1930, amma a cikin shekarun 1940 aka koma yi masa allo da wardi. Kamfanin Gibson, wanda a lokacin yake garin Kalamazoo a jihar Michigan, shi ma da wardin Brazil ya yi allon shahararriyar jitarsa J-45, wadda ta fito a 1942. A wancan zamani ba wanda ya ɗauki wannan itace wani abin alfahari. Katako ne mai kyau da ake samu a kasuwa, ana kawo gumaguman sa cikin jirgin ruwa, ana yin kujeru da akwatin fiyano da shi.

Sai dai kurmin Brazil ya yi ta raguwa, har a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin ƙasar ta hana fitar da gumaguman itacen. Masu ƙera jita suka juya ga na Indiya. Sauyin bai auku rana ɗaya ba, domin kowane kamfani sai da ya ƙarar da abin da ke rumbunsa, wani lokaci ma akan haɗa tsohon katako da sabo a jita guda. Shi ya sa jitar da aka ƙera a tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da farkon na 1970 ta fi kowace jawo gardama.

Ban da waɗannan manya, akwai kamfanonin da suka yi wa talaka aiki, irin su Harmony da Kay na birnin Chicago, da masu tambarin Stella. Jitarsu ce ake saye da 'yan daloli ta hanyar aikawa da oda a gidan waya, ita ce kuma ta shiga hannun manoma da leburori. Mashahurin mawaƙin nan baƙar fata, Lead Belly, wanda ya rasu a 1949, da Stella mai tsirkiya 12 aka san shi. To, su waɗannan kamfanoni ba su da halin sayen eboni domin jita mai araha, ga shi kuma mai saye ya riga ya sa a ransa cewa allon kirki baƙi ne. Sai suka riƙa ɗaukar farin katako na ƙasarsu, su tsoma shi a baƙin rini, su manna. Daga nan ruɗanin ya samo tushe: mai saye launi yake nema, mai sayarwa kuma ya ba shi launi.

YADDA GWANI KE DUBAWA

Idan aka kawo wa ƙwararren mai gyara tsohuwar jita aka ce ya faɗi katakon allonta, abin mamaki shi ne ba allon yake fara dubawa ba. Yakan ɗauki 'yar tocila ya leƙa ta bakin akwatin, ya nemi lambar da aka buga a jikin gungumen da ke riƙe da wuya. Kamfanin Martin tun 1898 yake buga lamba a jere ba tsallake, saboda haka lambar kaɗai ta isa ta faɗi shekarar da aka ƙera jitar. In an san shekara da samfur, an san irin katakon da kamfanin ke amfani da shi a lokacin. Lambobin Gibson ba su da wannan tsari, a shekarun 1960 ma an maimaita wasu, don haka sai an haɗa da wasu alamu, kamar fasalin tambari da irin adon da aka dasa a allon.

Mutumin da ya fi kowa suna wajen irin wannan bincike shi ne George Gruhn, wanda ya buɗe kantin tsofaffin kayan kiɗa a birnin Nashville a 1970. Ilmin halayyar dabbobi ya karanta a jami'a, sai ya ɗauko dabarar masana dabbobi ta rarrabe jinsi da jinsi ya ɗora a kan jita. Littafin da suka wallafa shi da Walter Carter a 1991 ya jera samfur-samfur, shekara-shekara, da abin da ya sauya a kowace. Darasin da ke cikin aikinsa shi ne alama ɗaya ba ta yanke hukunci, sai alamu sun taru sun gaskata juna.

Amma takarda abin da kamfani ya sa take faɗi, ba ta san abin da ya sami jita a cikin shekara 70 ba. Allo yakan cinye, a ɓamɓare shi a sa wani. Saboda haka mai gyara yakan bi gefen wuyan da yatsa, yana neman inda fenti ya katse ko inda sabon manne ya bar gurbi. Yakan kuma gwada allon da jakin da tsirkiya ke hawa a kan akwatin, domin a yawancin jitar kamfani itace ɗaya ake yi wa su biyun. In jaki wardi ne allo kuwa eboni, to akwai tambayar da mai kaya zai amsa.

Sa'an nan ne zai juya ga katakon kansa. Nan ma ba ya amincewa da launi, domin gumi da mai da dauɗar shekaru sukan mai da wardi baƙi har ya yi kama da eboni, wasu kuma da gangan suke shafa rini don su ɓoye. Yakan goge wani ɗan lungu can ƙarshen allon, inda yatsu ba su cika zuwa ba, ya ɗora madubin ƙara girma mai ninki goma. Abin da yake nema shi ne ƙofofin katako, watau 'yan hanyoyin da itace ke jan ruwa ta cikinsu sa'ad da yake da rai, masu kama da ƙofofin gashi a fatar mutum. Na eboni ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, shi ya sa tsohon allon eboni yake sulɓi kamar tangaran. Na wardi kuwa a buɗe suke, ana ganinsu kamar 'yan gajerun tsagogi da aka yi da bakin allura. Wannan bambanci ba ya ɓacewa ko da an yi rini, shi ne kuma matakin da ya fi sauƙi.

Farin katakon da aka rina shi ma ba ya daɗewa bai tona kansa ba. A wuraren da yatsu suka fi dannawa, kusa da kan jita, rinin yakan goge, fari ko ruwan toka ya bayyana a ƙasan kwarmin. Eboni na gaskiya kuwa baƙinsa har ciki ne, kome zurfin ramin da farce ya yi. Daɗin daɗawa, wasu irin rini na farkon ƙarni na 20 suna da kaifi, sukan ci katakon a hankali har ya riƙa marmashewa in an zo cire karan ƙarfe.

Inda gizo ke saƙa shi ne rarrabe wardin Brazil da na Indiya. Masana sukan ce na Brazil ya fi karkata ga ruwan ƙasa mai ja ko ruwan goro, da baƙaƙen layuka sirara masu rassa kamar yanar gizo, shi kuwa na Indiya ya fi karkata ga shunayya, layukansa a miƙe suke, launinsa bai cika sauyawa ba. Wannan gaskiya ne a kan babban falle, amma a kan allo mai faɗin yatsu uku wanda ya sha hannu shekara 60, sau da yawa ba ya fitowa. Nauyi ma ba ya taimako, gama su biyun kusan ɗaya suke. Abin da ya fi ƙarfi shi ne ƙirga ƙofofi a bakin allon, inda aka yanke katakon a gicciye daura da bakin akwati: a wuri mai faɗi ɗaya, ƙofofin na Indiya sun kusa ninka na Brazil yawa. Sai kuma hanci. Sa'ad da ake sake karan ƙarfe, garin katakon da ke fita daga tsagar yakan tashi da ƙanshi, na Brazil mai zaƙi ne kamar turare, na Indiya bai kai shi daɗi ba. Tsofaffin masu gyara da yawa sun fi amincewa da hancinsu bisa idonsu.

In shakka ta ƙi ƙarewa, akwai gwajin da ake yi da 'yar ɓarzar katako. A jiƙa ta a ruwa, a haska ruwan da irin fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Ruwan yawancin itatuwan wardi yakan yi walƙiya, na Brazil kuwa ba ya yi. A 2010 masanan lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila suka bayyana wani sinadari da suka sa wa suna dalnigirin, wanda ake gane wardin Brazil da shi. A Amurka kuma akwai ɗakin binciken hukumar kula da namun daji a garin Ashland na jihar Oregon, inda na'ura ke karanta sinadaran ɗan tsinken katako ta faɗi jinsinsa. Watau abin da ya fara da leƙen tocila yana iya ƙarewa a gaban likitan katako.

ABIN DA DOKA TA CE

Mai karatu zai iya tambaya, ina amfanin wannan wahala duka a kan ɗan allo? Amsar tana cikin yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a birnin Washington a 1973 domin kayyade cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Ran 11 ga Yuni 1992 aka sa wardin Brazil a rukuni na ɗaya, rukunin da ya fi kowane tsanani. Tun daga ranar, ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi don ciniki sai da takardar shaidar cewa an sare shi kafin wannan rana, kuma doka ba ta duba ƙanƙantarsa. Jitar da duk jikinta wani katako ne, in dai allonta wardin Brazil ne, ta shiga wannan hukunci. A 2013 aka amince da wata takarda mai kama da fasfo domin makaɗan da ke yawo da irin waɗannan kayan kiɗa. A farkon 2017 aka sa sauran dangin wardi a rukuni na biyu, sa'an nan a ƙarshen 2019 aka ɗauke wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera wannan nauyi, amma ban da na Brazil.

Ke nan kuskure ta kowace fuska yana da tsada. Wanda ya sayi na Indiya a kan na Brazil ya yi cinikin biri a sama. Wanda kuma ya ɗauki na Brazil a kan na Indiya ya hau jirgi ba takarda, yana iya dawowa hannu rabbana. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2009, da kuma Agusta 2011, jami'an gwamnatin Amurka suka shiga masana'antun Gibson a jihar Tennessee suka kwashe katako, akasarinsa na yin allon yatsu, bisa dokar Lacey wadda aka faɗaɗa a 2008 ta haɗa da itatuwa. A Agusta 2012 aka sasanta: kamfanin ya biya tarar dala 300,000, ya ba da wata dala 50,000 domin aikin kiyaye daji, ya kuma haƙura da ebonin Madagaska da aka kama. Katakon Indiya kuwa daga baya aka mayar masa.

SON BAƘI ƘIRIN

Akwai wani ɓangaren labarin da ya fi tara da fasfo nauyi. A 2011 kamfanin Taylor na jihar California, tare da wani kamfanin katako na ƙasar Sifen mai suna Madinter, suka sayi masana'antar yankan eboni ta Crelicam a birnin Yawunde na Kamaru. Bob Taylor, ɗaya daga cikin masu kamfanin a lokacin, ya ba da labarin abin da ya tarar wurin masu saran itace. Ba a sanin launin cikin eboni sai an kayar da shi, kuma yawancin itatuwan suna da ratsin fari ko ruwan ƙasa. Da yake kasuwa baƙi ƙirin take so, mai ratsi ba ya biyan wahalar fito da shi daga kurmi. Saboda haka akan sare kimanin goma kafin a ɗauki ɗaya, sauran a bar su suna ruɓewa a inda suka faɗi, alhali kuwa itace ne mai jinkirin girma, wanda ya shuka shi da wuya ya ga ranar saransa. Taylor ya yanke shawarar sayen mai ratsi a kan kuɗi ɗaya da baƙin, ya riƙa sa shi a jitarsa yadda yake, daga 2016 kuma aka fara aikin dashen eboni tare da mutanen ƙauyukan da ke kusa da gandun dajin Dja.

In aka dubi abin da kyau, cuta ɗaya ce ta fito ta ƙofa biyu. Son baƙin allo shi ya sa masana'antun Chicago rina farin katako, shi ne kuma ya sa aka yi ta zubar da eboni na gaskiya a kurmin Kamaru. Ratsi ba ya rage wa katako tauri, ba ya kuma taɓa amon jita. Ido ne kawai ya ƙi shi. Mutanen da ba su iya rarrabe eboni da rini ba su ne suka kafa sharaɗin da ya cinye itatuwa tara saboda ɗaya.

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Madobiya, itacen da makiyaya ke sassabe ganyensa domin shanu da rani, wanda kuma mutanen Mali da Gini ke sassaƙa kayan kiɗa da shi, 'yan kasuwar duniya wardin Afirka suke kiransa, ko da yake jinsinsa daban ne. A cikin shekarun 2010 aka yi ta lodin gumagumansa daga Taraba da Adamawa da Kogi zuwa ƙasar Sin domin yin kujeru na alfarma, har aka sa shi a rukuni na biyu na CITES a 2017, a 2018 kuma aka ba da shawarar dakatar da cinikinsa daga Nijeriya. Hanyar da wardin Brazil ya bi ke nan: yau katako ne da kowa ke samu, gobe sai da takarda, jibi sai a jikin tsohon kaya.

Saboda haka duk wanda tsohuwar jita ta faɗo hannunsa, ko ta gado ko ta ciniki, ya kamata ya yi mata abin da gwanaye ke yi. Ya nemi lambarta ya san shekararta, ya dubi ƙofofin katakon kafin ya dubi launinsa, kada ya kankare allon ko ya shafa masa rini don ya ƙara kyau, domin yin haka share shaida ne. Ya adana rasiɗi da tsohon hoto da duk wata takarda da ke nuna jitar ta girmi 1992, gama ranar da zai bukace su ba ta sallama. In kuwa bincike ya nuna allon farin katako ne da aka rina, kada ransa ya ɓaci. Da irin waɗannan jita masu araha aka kaɗa waƙoƙin da har yanzu ake saurare, kuma babu jami'in kwastan da zai tambaye shi takardarta.